Balaga: A Sanar Da Yaro Kafin Alamun Su Zo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, kwanakin baya wani ɗalibi ɗan shekara 17 ya tsaya bayan karatun Magariba a nan Zongo, kansa a sunkuye, ya tambaye ni ko mafarki yana wajabta wanka. Shekara biyu ke nan yana sallah bai san hukuncin ba. Laifin namu ne, mu iyaye da malamai.

Malamanmu na Malikiyya sun ambaci alamun balaga: mafarki, da tsirowar gashin mara, da haila ko ciki ga mace. Wasunsu sun ƙara da kaurin murya da warin hammata. Idan babu ko ɗaya, to mashahurin zance a mazhabar shi ne cika shekara 18. Shafi'iyya da Hambaliyya sun ce 15, suna kafa hujja da Abdullahi ɗan Umar, wanda Annabi (SAW) ya mayar da shi gida ranar Uhudu yana da shekara 14, ya kuma karɓe shi ranar Handaƙ yana da 15. Da zarar alama ta bayyana, alƙalami ya hau kansa: sallah, azumi da wanka sun wajaba.

Likitoci kuma sun ce jikin yarinya yakan fara canzawa tsakanin shekara 8 da 13, na yaro tsakanin 9 da 14. Tsawo yakan ƙaru da sauri, ƙuraje su fito a fuska, cin abinci ya yawaita. Sai dai ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abu kafin a aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Wannan ne ya sa za ka ga yaro da jikin babba amma ga saurin fushi, ga musu, ga fifita maganar abokai a kan ta mahaifinsa. Ba kowane taurin kai ne shiga aljanu ko sammu ba. Barcinsa ma yakan ja baya, alhali yana bukatar awa 8 zuwa 10. Idan an bar masa waya har tsakar dare, kada a yi mamaki in Asuba ta gagare shi.

A Kwatano uba yana fita Dantokpa tun da sassafe, uwa tana kan sana'arta, yaro yana tsakanin makarantar Faransanci da Islamiyya. Idan gida ya yi shiru, waya da abokan layi za su ba shi amsa, kuma ba za su ambaci wankan janaba ba.

Saboda haka uwa ta zauna da 'yarta tun tana shekara 9, ta koya mata hukuncin haila da tsarki. Uba ya yi wa ɗansa bayani. In kunya ta hana shi, ya wakilta kawu ko malami. Malaman da ke karantar da Ahalari da Risala kada su tsallake babin wanka da sauri. A raba wa yara makwanci a shekara 10 kamar yadda hadisi ya umarta. A rage duka da gori a gaban mutane, a yawaita saurare.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa su zama masu tsayar da sallah. Allah ne Mafi sani.