Kwamfutar Wasa a Ɗakin Baya: Dabarar Turawa a Ma'aunin Kaya

Kwamfutar wasa ba ta san kawaici ba. Da zarar wasa ya ɗauki zafi, fankokin cikinta sai su shiga gurnani kamar injin niƙa a nesa, ɗaki ya ɗume, mai barci ya rasa sukuni. A gidan Bahaushe, inda katanga ɗaya ce ke raba saurayi da mahaifinsa, irin wannan ƙara takan zama sanadin ɓacin rai, har a kai ga cewa a fitar da na'urar daga gida.

Masu sha'awar wasanni a Turai da Amurka sun daɗe da samo mafita: a kai injin wani ɗaki can baya, a bar hoto da sauti su iske mai wasa inda yake zaune. Babbar kwamfutar ce ke yin aikin lissafi, ta matse hoton kamar bidiyo, ta aika wa tsohuwar laftof ko wayar hannu, maɓallan da aka danna kuma su koma mata. Kamfanin Valve ya saka wannan dabara cikin manhajar Steam tun 2014, akwai kuma Moonlight da Sunshine da ake samu kyauta.

Wani zai ce ina ruwan Kaya da wannan, garin manoma a ƙasar Maradun? Ni kuwa ina ganin ta fi dacewa da mu fiye da waɗanda suka ƙirƙiro ta. Ɗalibin Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara da ya tara kuɗi ya sayi irin wannan na'ura, da ita zai yi zane da tace bidiyo, wasan kuwa na bayan la'asar ne. Jari ce, ba abin wasa kaɗai ba.

Sai dai a bambanta abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai wasan da ake jawowa ta intanet daga kwamfutocin wani kamfani a wata nahiya. Irinsa ne Stadia, wanda Google ya rufe a Janairun 2023. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan raunin wannan hanya. A Satumbar 2021, kwanaki kaɗan bayan sace ɗaliban makarantar sakandaren Kaya, an katse layukan sadarwa a duk faɗin jihar, aka shafe makonni babu kira balle intanet. Wanda ake yi cikin gida kuwa, hoton ba ya ƙetare ƙofar zaure. Muddin wasan ba ya neman intanet da kansa, ƙaramar na'urar rarraba sadarwa da waya sun wadatar.

Na ce waya da gangan. Wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa ba ya yafe jinkiri, kauri irin na katangar ƙasa kuma yana cinye ƙarfin Wi-Fi. Kebul na sadarwa yana kai mita 100 ba tare da ya raunana ba, ya ishi kowane gida a Bakura ko Maradun.

Inda kwaikwayon Bature zai iya jawo asara shi ne wurin zaɓen ɗakin. Shi ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa sanyi gare shi. Namu ɗakin ajiya rufin kwano ne, sau da yawa ba taga, a yankin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Ƙarar fanka kukan zafi ce. Wanda ya kulle injin mai cin wat 300 ko fiye a irin wannan wuri bai kashe ƙarar ba, kunnensa kawai ya janye daga gargaɗin. Na'urar za ta rage gudu don ceton kanta, in abin ya ci tura ta ɗauke. Ga ƙurar hunturu da ke toshe mashigar iska. Saboda haka a nemi ɗaki mai taga biyu, a ɗora ta bisa tebur, a riƙa kakkaɓe ta.

Akwai kuma maƙwabcin da ya fi ta baki, wato janareta, tunda wutar kamfanin Kaduna Electric ba kullum take zama ba. Shi kam kada sha'awar shiru ta sa a shigar da shi ɗakin baya tare da kwamfutar. Iskar guba da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ko launi, kuma ta sha hallaka iyali guda cikin barci a ƙasar nan. Wurinsa fili ne, nesa da tagogin ɗakunan kwana.