Abin da Yahudawa Suka Gaskata Game da Ubangiji

A unguwar Abakwa cikin Kaduna, kamar sauran unguwanninmu, in dattijo ya ga takarda mai rubutun Larabci a yashe, ba ya tsallake ta. Sai ya duƙa ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya cusa ta a tsagar bango, don gudun kada a taka sunan Allah. Ba kowa ya san Yahudawa ma suna da irin wannan ɗabi'a ba. A majami'arsu ta Ben Ezra da ke tsohuwar Alƙahira, sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuba tsofaffin takardu cikin wani ɗaki saboda wannan dalili. A 1897 aka kwashi guntaye fiye da 190,000 daga can zuwa Jami'ar Kambirij ta Ingila.

Yawancinmu ba mu jin sunan Yahudawa sai a labarin yaƙi da siyasa. To, amma me suka gaskata game da Ubangijin da suke girmama sunansa haka?

Tushen addininsu shi ne kaɗaita Ubangiji. Safe da dare Bayahude mai ibada yakan karanta wata aya ta Attaura da ake kira Shema, wadda ke shaida cewa Ubangiji ɗaya ne. Ita ake fara koya wa yaro, ita kuma ake so mutum ya cika da ita. Ba su yin gunki ko zanen Ubangiji, kuma a nan suka rabu da Kirista, don ba su karɓi aƙidar Triniti ba. Babban sunansa mai baƙaƙe huɗu na Ibrananci ba su furta shi. Cikin addu'a sukan ce Adonai, watau Ubangiji, cikin hira kuwa Hashem, watau "Sunan".

Abin lura shi ne, manyan malamansu da suka tsara wannan aƙida a tsakiyar Musulmi suka zauna, da Larabci kuma suka yi rubutu. Sa'adiya Gawon, mutumin Fayyum ta Masar wanda ya rasu a 942, ya fassara Attaura zuwa Larabci, kuma da kalmar "Allah" ya yi amfani. Wanda ya fi shahara shi ne Musa ɗan Maimun. An haife shi a Ƙurɗuba ta Andalus, ya zauna a Fas, ya yi aikin likita a Masar, inda ya rasu a 1204. Shi ya jera ginshiƙai 13 na imani, biyar na farko duk kan Ubangiji: akwai shi, shi ɗaya ne, ba shi da jiki, shi ne na farko da ba abin da ya riga shi, shi kaɗai ya cancanci bauta.

A littafinsa Dalalatul Ha'irin ya bayyana cewa duk inda Attaura ta ambaci hannu ko ido ga Ubangiji, misali ne aka buga daidai da hankalin ɗan Adam. Har ma ya ce mutum ba ya iya siffanta zatinsa, iyakarsa ya kore masa abin da bai dace da shi ba. Ɗalibin da ya karanci tauhidi a zaure zai ji ƙamshin muhawarar da ya sani. Da aka tambaye shi game da Musulmi, ya ba da fatawa cewa ba masu bautar gumaka ba ne, kuma kaɗaitawarsu ba ta da aibi.

Ba a ce bakinsu ya zo ɗaya ba. Wani malaminsu na Faransa, Ibrahim ɗan Dawuda, ya ƙi yarda a kafirta wanda ya ɗauki waɗannan ayoyi bisa zahirinsu. Masu ilmin ɓoye da ake kira Kabbala kuwa suna maganar siffofi goma da Ubangiji ke bayyana ta cikinsu. Bayan kisan kiyashin da gwamnatin Hitila ta yi wa Yahudawa wajen miliyan 6 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wasunsu sun shiga tambayar yadda Mai adalci ya bar haka ta faru, wasu kuwa imaninsu ƙaruwa ya yi.

Mai karatu zai ce, ina batun Uzairu? Malaman tafsiri da dama sun ce wasu 'yan kaɗan ne daga cikinsu suka kira shi ɗan Allah. Yahudawan yau malami suka ɗauke shi. Babban saɓaninsu da Musulmi yana wajen annabci ne, domin ba su gaskata Annabi Isa da Annabi Muhammadu ba, tsira da amincin Allah su tabbata a gare su.

Sanin aƙidar mutum ba bin ta ba ne, ba kuma goyon bayan wata gwamnati ba ne. Amma a gari irin Kaduna, inda masallaci da coci ke maƙwabtaka, kuma muka ga abin da rikicin addini ya jawo a 2000, ya wajaba ma'aikaci da ɗalibi su faɗi abin da mutane suka gaskata yadda yake, ba ƙari ba ragi. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.