ARAHA BA TA ADO: Gardamar Ƙananan Bindigogin Lamba 22 A Kasuwannin Duniya

A ƙasashen da doka ta yarda manomi ko maharbi ya ajiye bindiga a gidansa, kamar su Amurka da Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan, akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu saye da masu sayarwa. Gardamar kuwa a kan ƙaramar doguwar bindigar nan ce mai cin harsashi lamba 22, wadda ake ƙerowa a Sin ko Filifin ko Barazil, a kawo ta a sayar da rahusa. Waɗansu na cewa kaya ce ta ƙwarai da ta sauƙaƙa wa talaka, waɗansu kuwa na cewa asarar kuɗi ce kawai, mai yiwuwa ma har da ta rai. Kowane ɓangare yana da hujja, domin kuwa araha iri biyu ce: akwai wadda ake samu ta hanyar rage ado, akwai kuma wadda ake samu ta hanyar rage ƙarfe da aiki.

HARSASHIN DA YA KAWO ARAHAR

Kafin mai karatu ya gane dalilin da ya sa ake iya ƙera wannan bindiga da ɗan kuɗi kaɗan, sai ya fara sanin harsashinta. Yawancin harsasai suna da wani ɗan ƙoƙo a tsakiyar gindinsu, wanda allurar bindiga ke doka ya ta da wutar da za ta kama albarushi. Shi lamba 22 ba haka yake ba. Maganin ta da wutar, wanda ya yi kama da kan ashana, ana zuba shi ne a cikin leɓen gindin kwanson, a kewaye. Idan aka ja kunama, sai allurar ta matse leɓen, wuta ta tashi. Wani Bafaranshe mai suna Louis-Nicolas Flobert ne ya ƙago wannan dabara a shekarar 1845. Kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fito da gajeren harsashi lamba 22 a 1857, sa'an nan a 1887 kamfanin Stevens ya fito da dogon, watau .22 LR, wanda har yau babu harsashin da ya fi shi yawan ciniki a duniya.

Tun da yake dole kwanson ya zama mai laushin da allura za ta iya matsewa, ba a iya cika shi da albarushi mai yawa. Faɗin dalmarsa kimanin milimita 5.7 ne, nauyinta kuma kimanin giram 2.6 ne. Ƙarfin da yake bugun cikin bindiga da shi bai kai rabin na manyan harsasan farautar namun daji ba. Saboda haka maƙeri ba ya bukatar ƙarfe mai kauri ko sakata mai wuyar sha'ani. Wannan shi ne ya buɗe wa masana'antun ƙasashe masu arahar ƙwadago ƙofar shiga kasuwa.

Masu bukatarta kuma suna da yawa. A Ostareliya, zomaye 24 da wani Bature mai suna Thomas Austin ya saka a gonarsa a jihar Biktoriya a 1859 sun hayayyafa har suka zama annoba ga makiyaya. A Niyu Zilan ma manoma na fama da zomaye da wata dabba mai suna fosam, wadda aka kawo daga Ostareliya don fatarta, ta koma tana cinye itatuwa. Ga manomin waɗannan wurare, lamba 22 kayan aiki ce kamar fartanya, tana kwana a bayan mota cikin ƙura da raɓa. Mutum irin wannan ba ya neman mai sheƙi.

ASALI DA KWAFI

Misalin da ya fi fito da wannan magana fili shi ne na bindigar Brno da kwafinta na Sin. A shekarar 1954 masana'antar makamai ta birnin Brno, a tsohuwar ƙasar Cekoslobakiya, ta fito da wata bindiga mai sakata da aka sani da Brno ta biyu, wadda daga baya aka ci gaba da ƙera ta da sunan CZ 452. Ita kanta a zamaninta kayan araha ce daga ƙasar 'yan gurguzu, masu sayen kayan Ingila da Jamus suna yi mata kallon raini. Amma da tafiya ta yi tafiya, sai maharba suka tarar ƙarfenta nagari ne, saitinta kuma ba ya ƙarya, har ta zama ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Yau magadanta, CZ 455 da CZ 457, sun fita daga sahun kayan rahusa.

Sai kamfanin Norinco na gwamnatin Sin, wanda aka kafa a 1980, ya riƙa fitar da JW-15, wadda kwafin Brno ce kusan ƙusa da ƙusa, ana sayar da ita sau da yawa a kan rabin kuɗin ta asalin ko ƙasa da haka. Abin da waɗanda suka yi aiki da ita suka daɗe suna faɗa kusan bakinsu ɗaya. Ƙotarta ta itace ce mai laushi da aka shafe da fenti mai kauri. Sakatarta tana da kaushi sai ta sha aiki kafin ta yi santsi. Kunamarta tana da tauri, ana kuma ganin sawun injin a jikin ƙarfen inda ba a goge ba. Amma idan aka zo wajen harbi, da yawa daga cikinsu suna zuba harsashi inda aka nufa, har su ba mai ta asalin kunya.

To, ina aibin yake? Aibin shi ne rashin tabbas. Masana'anta mai tsada tana biyan mutanen da aikinsu kawai shi ne su duba kowace bindiga, su mayar da wadda ta kauce. Masana'anta mai araha tana rage irin waɗannan ma'aikata. Sai ka ga bindigogi biyu sun fito daga akwati ɗaya, ɗaya ta yi kyau, ɗaya tana maƙale kwanso ko tana watsa harsashi. Mai saye ya zama kamar mai sayen kankana, sai ya fasa zai san abin da ya samu.

Sauran ƙasashe ma kowace da tata hanyar. A tsohuwar Tarayyar Sobiyet, masana'antar birnin Tula, wadda sarki Bitrus Babba ya kafa a 1712, ta fara ƙera TOZ-8 a 1932 don koya wa matasa harbi. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, harsashi ɗaya take ci, amma an yi ta ne don ta jure hannun dubban ɗalibai. A Filifin, kamfanin Armscor, wanda ya samo asali daga shagon Squires Bingham da aka buɗe a Manila a 1905, ya cika kantunan Kmart na Amurka da ƙananan bindigoginsa a shekarun 1970. A Barazil kuwa, kamfanin CBC da aka kafa a 1926 shi ke ƙera bindigar da ake sayarwa a Amurka da sunan Mossberg 702 Plinkster. Watau sunan da ke jikin kaya ba kullum yake nuna ƙasar da aka ƙera shi ba, sai an duba ƙananan rubutun da ke jikin bututun.

INDA RAGI YAKE DA HAƊARI

Masana sun raba bindiga gida biyu wajen auna ta. Kashi na farko shi ne abin da ido ke gani: itacen ƙota, baƙin fenti, sheƙin ƙarfe, da gidan harsashi ko na roba ne ko na ƙarfe. Ragi a nan ba ya cutar da kowa, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kashi na biyu shi ne abin da ido ba ya gani: tsagar da aka murɗa a cikin bututu wadda ke juya dalma ta tafi sak, da bakin bututun inda dalmar ke fita, da ɗakin da harsashi ke zama, da taurin ƙananan ƙarafan kunama, da makullin da ke hana bindiga tashi. Idan ƙarfen kunama bai sha wuta yadda ya kamata ba, yana cinyewa a hankali, har wata rana bindiga ta tashi don ta faɗi ƙasa kawai, ba wanda ya taɓa ta. Nan ne araha ke komawa tsada, domin abin da za a biya ba kuɗi ba ne.

Saboda irin wannan ne waɗansu ƙasashe suka kafa gidajen gwaji. A Ingila, gidan gwajin bindigogi na Birmingham yana aiki tun 1813, kuma haramun ne a sayar da bindigar da ba ta ɗauke da hatimin gwajin da hukuma ta amince da shi. Ana ɗura mata harsashi mai ƙarfin da ya wuce na yau da kullum, in ta jure a buga mata hatimi. Ƙasashen Turai da dama suna cikin wata yarjejeniya mai suna CIP da ta faro a 1914, suna karɓar hatimin juna. Amurka ba ta da irin wannan tilas, masana'antunta ne ke bin ƙa'idojin ƙungiyarsu bisa yardar kansu.

Gwajin saiti kuwa sananne ne: a kafa bindiga a kan abin da ba ya motsi, a harba biyar a takarda daga nisan mita 50, a auna tazarar ramukan. In sun taru a cikin faɗin inci ɗaya, ta isa aikin gona. Don a gane bambancin wannan da aikin gwanaye, a wasannin Olimfik ma da harsashi lamba 22 ake gasar mita 50, amma tsakiyar abin da ake hari faɗinta milimita 10.4 ne kacal. Bugu da ƙari, kowace bindiga lamba 22 tana da irin harsashin da ta fi shiri da shi, don haka sau da yawa laifin da ake ɗora wa bindiga na harsashi ne.

SIYASA MA TANA CIKIN FARASHI

Akwai wani kuɗin da ba a rubuta shi a takardar ciniki, shi ne na kayan gyara. A 1994 gwamnatin Shugaba Bill Clinton ta hana shigar da yawancin bindigogi da harsasan Sin cikin Amurka, a 2003 kuma aka ƙara sa wa Norinco takunkumi bisa zargin sayar wa Iran fasahar makamai masu linzami. A 2014 aka sa wa kamfanin Kalashnikov na Rasha takunkumi, a 2021 kuma aka toshe ba da sabon izinin shigo da bindigogi da harsasan Rasha. Duk wanda ya sayi irin waɗannan kaya kafin hanin, ya wayi gari allura ko gidan harsashi ya zama abin nema ruwa a jallo. Masu JW-15 sun ɗan tsira, domin gidan harsashin CZ yakan shiga tasu. Wanda ya sayi Ruger 10/22 ta 1964 ko Marlin 60 ta 1960, waɗanda aka ƙera miliyoyinsu a cikin Amurka, bai san wannan wahala ba.

Dokokin cikin gida su ma suna sauya darajar kaya. Bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, Ostareliya ta tsananta mallakar lamba 22 mai ɗura kanta, ta bar mai sakata a rukunin da ya fi sauƙin lasin. Bayan harin masallatan Christchurch na 15 ga Maris 2019, inda aka kashe Musulmi 51, Niyu Zilan ta haramta yawancin bindigogi masu ɗura kansu, ta keɓe lamba 22 wadda gidanta bai wuce harsashi 10 ba.

ƘARAMI NE, AMMA YANA KISA

Kada ƙanƙantar harsashin nan ta ruɗi kowa. Masu yin sa da kansu suna rubuta gargaɗi a jikin kwalinsa cewa yana da haɗari har nisan da ya wuce mil ɗaya, yana kuma tsalle idan ya bugi dutse ko ruwa. Da harsashi lamba 22 aka kashe Sanata Robert Kennedy a 1968. Da shi kuma aka harbi Shugaba Ronald Reagan ranar 30 ga Maris 1981, daga wata libarba mai araha ƙirar Röhm, dalmar ta tsaya kusa da zuciyarsa.

A nan gida Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta hana kowa riƙe bindiga ba tare da lasin ba. Doguwar bindigar farauta tana cikin rukunin da sai da izinin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, a shekarar 2023 kuma rundunar ta ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin saboda yawaitar makamai a hannun jama'a. Wanda ya sayi bindiga a ɓoye don ya ga araha, ya sayi ɗauri ne da kuɗinsa, ga shi kuma babu hatimin gwaji, babu wanda zai kama in ta fashe masa a fuska.

Abin da tarihin Brno da Norinco ya nuna shi ne, sunan ƙasa ba ya yanke wa kaya hukunci. Kayan tsohuwar Cekoslobakiya da aka raina jiya su ne abin koyi yau. Manomin Niyu Zilan da ya san abin da yake nema yakan ɗauki mai arahar, ya duba hatimi, ya gwada makulli, ya harba biyar a takarda, ya tambayi inda zai sami kayan gyara, sa'an nan ya biya. In ya ga fenti ya ɓare bayan shekara guda, ba ya zuwa ƙara wurin kowa, domin tun ran ciniki ya san araha ba ta ado.