YADDA AKE ƊUMKA BABBAN BARGO DA KEKEN GIDA

Ƴan uwa, ɗari na tafe. Kowa ya san iskar hunturu a ƙasar Dakoro, tun daga Kornaka har kwarin Tarka. Cikin Disamba da Janairu, yaro marar mayafi ba ya barcin kirki. Sai uwa ta shigar da garwashi ɗaka. Ta nan gobara ke tashi. Garwashi a rufaffen ɗaki kuma yana iya kashe mai barci. Bargon kasuwa yana da tsada. Amma da ƙyallayen tela da tsofaffin zannuwa, ana iya ɗumka bargo mai kauri a gida.

Aikin ba baƙo ba ne

Kakanninmu sun san wannan ɗumki. Ku tuna da lifidin da ake sa wa dawaki ran hawan salla: tufa sama, tufa ƙasa, abduga a tsakiya, a bi da ɗumki layi-layi. Tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ya yi sarauta wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi Kano. Bargonmu haka yake, hawa uku: fuska, ciki da shafi.

Ina wuyar take?

Ku dubi keken ɗumki na gida, Singer ko Butterfly. Daga allura zuwa jikin keke, wurin bai kai santimetir 20 ba. Bargon da zai rufe yara uku kuwa, tsawonsa metir 2 ne, faɗinsa metir 1 da rabi. In an cusa shi duka a wannan ɗan wuri, sai ya tattare. Nauyinsa ya ja allura, ta lanƙwashe ko ta karye.

Masaƙa sun nuna mana dabara. Masaƙi ba ya saƙa gwado gaba ɗaya. Siriri yake saƙawa, sannan a haɗa. Mu ma mu raba bargonmu falle uku. Kowane falle, faɗi santimetir 50, tsawo metir 2. A gama kowane shi kaɗai, daga baya a haɗa.

Kayan aiki

Fuska: ƙyallaye masu ƙwari. A ja kowane da hannu biyu. Wanda ya yage, a ajiye shi.
Ciki: tsofaffin zannuwa biyu ko uku, ko tsohon bargo, ko abdugar da aka gurje aka shiɓe.
Shafi: zane mai ƙwari, a yanka shi falle uku.
Allurar keke mai lamba 16 ko 18, da zare mai ƙwari.

A wanke tufafin duka, a shanya, a goge. Sabon ƙyalle yakan tsuke in ya sha ruwa, wani kuma yakan zuba. Gara ya yi haka kafin ɗumki.

Matakan aiki

1. A yanka kwali mai kusurwa huɗu, kowane gefe santimetir 27. Da shi za a auna ƙyallaye. Ɗumki zai ci santimetir 1 a kowane gefe, saura 25.

2. A haɗa ƙyallaye biyu-biyu a faɗi, takwas a tsawo. Ke nan ƙyalle 16 a falle ɗaya, 48 a bargo duka.

3. A share ƙasa, a baza tabarma. A shimfiɗa shafi, a ɗora ciki, a ɗora fuska. Shafi da ciki su ɗara fuska da yatsa biyu a kowane gefe. A shafe da hannu har babu tattara.

4. A kama hawa ukun da allurar hannu, ɗumki manya-manya, daga tsakiya zuwa baki. Kada a tsallake wannan mataki. Haƙoran keke na jan tufar ƙasa fiye da ta sama. In ba a kama ba, sai shafi ya riga fuska isa ƙarshe.

5. A ja layuka da alli. In zane ne a ciki, a bar faɗin tafin hannu tsakanin layi da layi. In abduga ce, yatsa uku kawai, don kada ta dunƙule ran wanki.

6. A buɗe ɗumkin keke, ya zama kamar 3 cikin santimetir 1. A sassauta kusar da ke danne ƙafar keke kaɗan. A gwada a kan guntun ƙyalle mai hawa uku tukuna.

7. A fara da layin tsakiya, a bi zuwa dama. Sannan a juya fallen, a gama ɗaya gefen. A bar yatsa uku ba ɗumki a bakin da za a haɗa.

8. Haɗi: a kifa fuska a kan fuska, a ɗumka su kaɗai da keke. Sauran bargon ya tsaya a hagun allura. A rage ciki da almakashi har baki ya taɓa baki, ba hawan juna. A kalmasa shafi ɗaya a kan ɗaya, a ɗumke da hannu.

9. A yanka dogon ƙyalle, a lulluɓe bakin bargo kewaye, a ɗumke. A zare manyan ɗumkin hannu. Aiki ya ƙare.

Abin kiyayewa

Kada a bar bargo ya rataya ƙasa. A kafa tebur a hagun keke, ko wani ya riƙe nauyin. Kada a ja tufa daga baya: keke ne ke ja, hannu shiryarwa kawai yake yi. A taka a hankali wurin mahaɗa mai kauri.

Abduga da ƙurar hunturu na cika wurin ƙoshiya. A share shi kullum bayan aiki, a ɗiga man keke. Ban da man gyaɗa, yana danƙarewa ya riƙe keke. A rufe keke da zane.

Mu haɗa kai

Ba kowane gida ke da keke ba. Amma mata biyar ko shida na makarantar yaƙi da jahilci ɗaya suna iya haɗa kai. Wasu su roƙi ƙyallaye wurin telolin kasuwa, wasu su auna su yanka, wasu su kama da hannu. Mai keke ta taka, a biya ta ladanta da kuɗin zare. Bargon farko a ba gidan da ke da jariri ko tsoho.

Malamai, ga lissafin wannan mako: bargo ɗaya ƙyalle 48. Ƙyalle nawa ƙungiya za ta tara don bargo biyar?

Ƴan uwa, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. A fara tara ƙyallaye tun kaka, kada a jira sai ɗari ya shigo.