Kafur a Akwatin Kaya: Abin da Ya Kamata Kowace Uwa Ta Sani

Akwai wani ƙamshi da yawancinmu muka tashi da shi. Da zarar Inna ta buɗe adakarta za ta ɗauko zanen zuwa biki, sai ɗaki ya gauraye da shi. Har yau kafur bai bar gidajenmu ba. Yana cikin akwatin lefe, yana cikin sif, yana ƙarƙashin gado da lungun banɗaki. Ga araha, ga shi a kowane shagon unguwa, sannan gadonsa muka yi. Shi ya sa idan uwargida ta yaye yaro, ta wanke kayansa ta jera a akwati tana jiran ƙaninsa, sai ta jefa ƙwaya uku ko huɗu kafin ta rufe. To a nan gizo ke saƙar.

Me ake sayar mana da sunan kafur?

Kafur na asali daga wani itace na yankin Asiya aka fara samo shi, shi ne wanda ake sa wa ruwan wankan mamaci. Amma fararen ƙwallayen nan da masu launi da ake ƙullawa a leda, yawancinsu naftalin ne, sinadarin da ake tacewa daga kwal ko ɗanyen mai. Idan kika duba bayan kwalin za ki ga an rubuta naphthalene, a wasu kuma paradichlorobenzene.

Kin lura ƙwayar ba ta narkewa, sai dai ta yi ta ƙanƙancewa har ta ɓace? Iska take zama, kuma iskar ce ke kashe ƙwari. Ashe duk lokacin da kika ji ƙamshinsa, maganin ƙwarin ne kansa kike shaƙa, ke da yaranki. A shekarar 2002 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naftalin cikin abubuwan da ake zargin suna iya jawo ciwon daji, sannan Tarayyar Turai ta hana sayar da shi a matsayin maganin asu tun 2008.

Aikin da yake yi da wanda ba ya yi

Gaskiya ne yana kashe asu, amma sai an rufe shi ruf a cikin mazubin da iska ba ta fita, har tururinsa ya taru. Kuma tsutsar asu kayan ulu da siliki da gashin dabba take ci, irin su bargo, rigar sanyi da darduma. Atamfa da shadda na auduga ba su cika damunta ba, sai in an ajiye su da zufa ko maiƙon abinci.

Watsa shi a tsakar ɗaki ko bayan gida don korar ɓera ko maciji kuwa asarar kuɗi ce. A sarari iska ke kwashe shi, ɓeran ya ci gaba da harkarsa, mutanen gida su ci gaba da shaƙa.

Jariri da ciwon shawara

Wannan shi ne babban dalilin wannan rubutu. Akwai wani sinadari a cikin jini da likitoci ke kira G6PD, aikinsa kare jajayen ƙwayoyin jini. Ana haihuwar wasu da ƙarancinsa, gado ne, ya fi yawa ga maza, kuma Afirka ta Yamma na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Mai shi yana rayuwarsa lafiya lau, kuma ba a gane shi da ido sai an yi gwajin jini.

Idan naftalin ya shiga jikin irin wannan jaririn, ta hanci ko ta fata, sai ƙwayoyin jininsa su riƙa farfashewa. Hantarsa ba ta yi ƙwarin da za ta tace abin da ya fashe ba, sai idonsa da fatarsa su koma ruwan ɗorawa. In abin ya yi yawa yakan taɓa ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da kurumta ko rashin iya zama da tafiya, wani lokacin har rai ya salwanta. Man da muke shafa wa jarirai ma yana ƙara sauƙaƙa wa sinadarin ratsa fata. Likitocin yara a Najeriya sun daɗe suna jan kunne a kan haka. Lalle da hoda ko man zafi masu mentol ma suna cikin abubuwan da ake cewa a nisanta su da sabon haihuwa saboda wannan dalili.

Saboda haka kada kafur ya kusanci kayan jariri, shawul, zanen goyo, zanen gado, ko kayan da ke mai jego za ki sa. Kayan da aka riga aka ajiye da shi, wanki ɗaya ba ya fitar da shi, domin ba ya narkewa sosai a ruwa. Fito da su tun kafin watan haihuwa, ki shanya su kwanaki a rana da iska, ki wanke ki maimaita har ƙamshin ya tafi gaba ɗaya. Haka za ki yi da kayan da 'yar'uwa ta ba ki ko na gwanjo.

Duba jaririnki a hasken rana kullum a makon farko. Idan farin idonsa ko dasashinsa ya yi rawaya, ya rage kama nono, yana yawan barci ko kuka mai ƙara, asibiti za ki nufa a ranar. Ruwan sukari, jiƙo da shanya shi a hantsi ba sa maganin shawara mai tsanani. A asibiti akwai fitila mai shuɗin haske da ake kwantar da jariri a ƙarƙashinta, in ta kama a sauya masa jini.

Idan yaro ya haɗiye

Ga mai rarrafe, kafur alawa ce. In ya jefa a baki, ki ciro abin da ya rage, ki goge bakin. Kada ki sa masa yatsa don ya yi amai, kada ki ɗura masa manja ko madara, domin maiƙo na taimaka wa gubar shiga jiki. Ki tafi asibiti da ledar ko kwalin ko da yana wasansa, saboda alamun kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin su bayyana: kasala, ɗashewar jiki, da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi. Kafur na asali ma ba na sha ba ne, yana sa yara jijjiga.

Adana kaya ba tare da shi ba

Wanke kaya tas, su bushe ƙarau, ki goge, domin zafin dutsen guga yana kashe ƙwan asu. Ki zuba su a roba mai murfi ko akwatin da ke rufuwa da kyau, kuma kada ki jingina shi da bango mai danshi. Lokaci zuwa lokaci, musamman bayan damina, fito da su su sha rana a kakkaɓe. Busasshen ganyen darbejiya ko kanumfari a ƙulle cikin ƙyalle na taimakawa wajen korar ƙwari daga kayan manya. Kyankyaso da ɓera kuwa abinci da ruwa ke kiransu, maganinsu rufe tukwane, fitar da shara kafin a kwanta, da toshe ramuka.

Iyayenmu da suka koya mana sa kafur tattali suka nufa, sun yi da abin da suka sani. Idan Hajiya ko ungozoma ta miƙo miki shi ranar haɗa kayan haihuwa, ki yi mata bayani cikin ladabi. Zanen da asu ya ci ana sayen wani. Yau kafin ki kwanta, buɗe akwatin kayan jaririn nan ki shinshina.