Yadda ƙasar takalmi da ɓarɓashin gilashi ke ba da shaida a kotu

A shekarar 1908 aka kashe wata mata, Margarethe Filbert, a Jamus. Wanda ake zargi ya ce ranar yana gona. Sai masanin kimiyya Georg Popp ya kankare ƙasar da ta manne a takalminsa, hawa-hawa. Ya tarar da kashin dinya irin na ƙofar gidan mutumin, sannan jar ƙasa irin ta inda aka tsinci gawar. Ƙasar gonar kuwa, ko alamarta babu.

Dalili shi ne ƙasa ba ɗaya ba ce: launinta, yashinta da ma'adinanta suna bambanta daga wuri zuwa wuri. Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin binciken 'yan sanda a Lyon ta Faransa a 1910, ya koyar da cewa duk inda mutum ya taɓa, yakan bar wani abu, ya ɗauki wani.

Gilashi ma haka. Idan aka fasa taga, ɓarɓashi kan fantsamo ya maƙale a tufafi da gashi, sai masana su auna yadda yake karkatar da haske. Amma masana'anta ɗaya tana ƙera tagogi masu ɗimbin yawa, don haka dacewar awo ba ta isa a ɗaure mutum ba sai da wata hujjar.