Abin da ya kamata ku sani game da hudar sako iska daga tanki

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci da yamma, lokacin tashi daga aiki, ya san ƙarar nan mai cika kunne idan aka buɗe tankin kwampreso don a sako iskar da ta rage. Wani tankin kafin ka ɗaure kaya ya huce, wani kuwa sai an gaji da jira. Bambancin yana ga hudar da iskar ke bi ta fita. Yawancin masu sana'a da ido suke ƙiyasta girmanta, alhali lissafin bai fi ƙarfin wayar da ke aljihunsu ba.

A fara da agogon da ke jikin tankin. Idan babu iska a ciki yana nuna sifiri, amma iskar da muke shaƙa tana da nata matsin, kusan bar 1. Saboda haka kafin a taɓa lissafi sai an ƙara 1 a kan abin da agogo ya nuna. Tankin da ke nuna bar 8, wato wajen PSI 116, ainihin matsinsa bar 9 ne. Wanda ya manta da wannan, tun daga tushe lissafinsa ya karkace.

Hankali zai ba mutum cewa duk yadda matsi ya ƙaru, haka gudun iska a bakin huda zai ƙaru. Haka ne, amma akwai iyaka. Da zarar matsin ciki ya kai ninki 1.9 na matsin waje, iskar da ke maƙogwaron hudar ta kai gudun sauti, sama da mita 300 a sakan ɗaya, kuma ba ta wuce nan ko da an ƙara matsi. Wasu Faransawa biyu, Saint-Venant da Wantzel, sun yi bincike a kan haka tun 1839. Abin da ƙarin matsi ke yi daga nan shi ne cushe iskar, sai mai yawa ta wuce a gudu iri ɗaya. Wannan ne ya sauƙaƙa lissafin: a kowane sakan tankin yana zubar da kaso iri ɗaya na abin da ya rage a cikinsa. Lokacin da ya ɗauka ya sauko daga bar 9 zuwa 4.5, shi zai sake ɗauka daga 4.5 zuwa 2.25.

Filin bakin huda ake aunawa. A ninka faɗinta da kansa, sannan a ninka da 0.785. Huda mai faɗin milimita 3 tana da fili kusan murabba'in milimita 7. Kowane murabba'i ɗaya yana iya kwashe wajen lita 0.2 na cikin tanki a sakan, idan bakin hudar a goge yake sumul. Hudar da aka yi da injin huda kuwa bakinta na da kaifi, iskar na tsukewa wajen wucewa, don haka a ɗauki kashi 70 cikin ɗari, wato lita 0.14.

Mu ɗauki tanki mai lita 100 da hudar nan ta milimita 3. Bakwai sau 0.14 ya ba da kusan lita 1 a sakan. A raba 100 da 1, a ninka da 0.7, sai a samu sakan 70, wanda shi ne lokacin da matsi ke raguwa da rabi. Ke nan daga bar 8 a agogo zuwa bar 1 zai ci wajen minti biyu da rabi. In minti ɗaya ake so, sai filin huda ya ninka sau biyu da rabi, ya kai murabba'i 18, wato faɗin kusan milimita 5. A nan ne ido ke yaudarar mutum: huda mai milimita 6 ninki huɗu take fitarwa a kan mai milimita 3, ba ninki biyu ba. Daga bar 1 zuwa ƙasa iskar ta bar gudun sauti, sai ta riƙa fita a sanyaye.

Lissafin ya ɗauka cewa zafin iskar ba ya canzawa, amma a zahiri iska na yin sanyi idan ta saki jiki. Shi ya sa in ka rufe bawul bayan sako iska da sauri, za ka ga allurar agogo ta ɗan sake hawa. Laimar da ke cikin iskar ma tana iya zama ƙanƙara ta toshe ƙaramar huda, mutum ya zaci tanki ya huce alhali da sauran matsi. Agogo za a duba, kada a dogara da shirun da aka ji. Dogon tiyo mai ƙunci shi ma yana rage fitar iska, kuma ƙarar babbar huda tana lalata ji, don haka a toshe kunne.

Abu uku ne nake roƙon kowane mai sana'a ya kiyaye. Kada a huda jikin tanki, kada a yi masa walda. Hudar a jikin toshiyar ƙarfe ake yinta, a ɗaura ta bayan bawul a mahaɗin da masana'anta ta tanada. Sannan wannan huda ba ta maye gurbin bawul ɗin kariya, wanda ke buɗewa da kansa idan matsi ya wuce ƙima. Shi saye ake yi, da matsin buɗewarsa da yawan iskar da yake fitarwa a rubuce a jikinsa. Dole matsin kada ya wuce wanda aka rubuta a farantin tankin, kuma bawul ɗin ya iya fitar da duk iskar da kwampreso ke turawa. Ruwan da ke taruwa a gindin tanki kuma yana da nasa ɗan bawul a ƙasa. A riƙa buɗe shi kullum bayan an rage matsi, domin daga ciki tsatsa ke cin ƙarfen, inda ido ba ya gani.